Ku Tambaya Mu Amsa: Karatun Difloma Ta Bidiyo Da Talabijin Ga Mazauna Saudiyya

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata kusan duk daga 'yan'uwa mazauna Saudiyya suka fito, kuma a kan magana ɗaya: yadda mutum zai ci gaba da karatu bayan sakandare yana gida ko yana bakin sana'arsa. Mun taƙaita tambayoyin, mun sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Malamai, a Makka aka haife ni, a nan na gama sakandare, ina da igama. Yanzu ina tsaron shagon kawuna a Misfala daga safe har bayan isha'i. Na ji ana cewa a Amurka akwai kwalejojin al'umma da mutum zai samu difloma ta kallon darasi a talabijin. Gaskiya ne? Akwai irinsu a nan? — Wani matashi, Makka

Amsa: Ɗan'uwa, kwalejojin suna nan, amma kallo shi kaɗai bai taɓa ba kowa difloma ba.

Kwalejin al'umma a Amurka makaranta ce ta shekara 2 mai rangwamen kuɗi, wadda ake buɗewa domin mutanen gari: ma'aikata, iyaye mata, da waɗanda ba su samu shiga jami'a kai tsaye ba. Ɗalibi yakan tara awoyin karatu kusan 60 (kwas ɗin da ake shiga ajinsa awa 3 a mako tsawon zango ana lissafa shi awa 3), ya karɓi shaida ya nemi aiki da ita, ko ya wuce jami'a ya ƙarasa digiri. Tun a 1956 kwalejin birnin Chicago ta fara watsa darussa ta tashar WTTW, mutane suna bi daga falonsu. A 1976 aka buɗe kwalejin Coastline a jihar Kalifoniya, wadda ta yi suna da irin wannan koyarwa. A Ingila ma buɗaɗɗiyar jami'arsu ta fara koyarwa a 1971 tare da BBC, aka ci gaba da watsa darussan har ƙarshen 2006.

Ga abin da masu ba da labarin ba sa faɗa. Kwas ɗaya na talabijin yawanci shiri 26 ne, kowanne rabin awa, wato awa 13 ke nan gaba ɗaya. Amma kwas mai awa 3 yana cin wa ɗalibi kusan awa 135 a zango. Ka ga kallon bai wuce kashi ɗaya cikin goma na aikin ba. Sauran yana cikin littafin kwas, da jagorar karatu mai faɗa maka babin da za ka karanta kafin kowane shiri, da aikin gida da malami ke dubawa, da jarrabawa a zaure gaban mai sa ido. Yau darussan sun koma intanet, a manhajoji irin su Blackboard da Canvas, amma lissafin bai canja ba.

A nan Saudiyya jami'o'in gwamnati sun daɗe da kwalejojin al'umma a ƙarƙashinsu. Daga 2021 aka mayar da su kwalejojin koyon aiki, waɗanda ake kira kulliya tadbiƙiyya, suna ba da difloma a fannoni irin su lissafin kuɗi, kula da ma'aikata, kasuwanci, shirya manhaja da tsaron intanet. Wasu daga cikin diflomomin ana yin su daga nesa, ana biyan kuɗi. Tsohon tsarin intisabi, wato karatun jami'a daga gida ba tare da zuwa aji ba, da yayyenka suka sani, an daina ɗaukar sababbin ɗalibai a cikinsa. Akwai kuma Jami'ar Lantarki ta Saudiyya da aka kafa a 2011, mai haɗa darasin intanet da zuwa aji, da Buɗaɗɗiyar Jami'ar Larabawa da ta fara a 2002 bisa ƙoƙarin Yarima Talal bin Abdul'aziz, mai rassa a Riyad da Jidda da wasu birane, kuma tana karɓar mazauna masu igama.

Kafin komai, ka karanta layin sharuɗɗa a sanarwar shekarar da kake ciki. Sanarwa takan raba masu nema gida uku: ɗan ƙasa, wanda mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce, da mazauni. Idan ba a ambaci mazauni ba, kada ka ɓata lokacinka. Idan an ambata, ka tanadi igama mai rai, da shaidar sakandare, da sakamakon jarrabawar shiga jami'a ta Ƙudurat ko Tahsili in an nema. Sannan ka jera fasfo da igama da shaidar makaranta a gabanka, ka duba rubutun sunanka harafi bayan harafi. Mutanenmu da yawa suna da Mamman a wata takarda, Muhammad a wata, ko sunan kaka ya faɗi a ɗaya. Wannan ƙaramin saɓani yakan tsayar da fitar shaida bayan an gama karatu, kuma gyara shi tun farko ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Kuɗin makaranta kuwa ta lambar SADAD, tsarin biyan kuɗi ta banki, da makarantar ta fitar maka ake biya, ba a asusun wani mutum ba.

A ganinmu diflomar nan gida ta fi maka ta Amurka. Can da dala za ka biya, a farashin baƙo, ana neman shaidar iya Turanci, ga tazarar lokaci: Kalifoniya tana bayanmu da awa 10 a bazararsu, awa 11 a hunturu. Kuma karatu ta intanet daga nan ba ya ba mutum bizar shiga Amurka, ko da wani ya ce maka yana bayarwa. Sai kuma ka zauna da kawunka tun yanzu ku yanke awoyin da zai sake ka, domin ba a karatun difloma tsakanin ciniki da ciniki.

Tambaya: Ni matar aure ce da yara uku, na bar makaranta shekaru da yawa. Maigida ya amince in yi difloma daga gida. Ina so in ɗauki kwas 5 a zangon farko don in gama da wuri. Me kuka gani? — Wata uwa, Jidda

Amsa: Hajiya, Allah ya sa albarka, ya saka wa maigida da alheri. Amma kwas 5 ya yi yawa a farko.

Ƙa'idar da makarantu ke bi ita ce kowace awa ɗaya ta darasi tana buƙatar awa 2 na bita. Kwas mai awa 3 ke nan yana cin awa 9 a mako. Kwas 5 ya zama awa 45, kamar cikakken aikin ofis na mako, ga girki ga yara. Idan tsarin makarantar ya ba ki zaɓi, ki fara da 2, iyaka 3. Idan diflomar mai tsayayyen jadawali ce wadda ba a rage kwas, to ki nemi jadawalin kafin ki biya, ki lissafa awoyin, ki ga ko gidanki zai iya ɗauka.

Ki ɗauki takarda ki rubuta awoyin da kike da su da gaske, ba waɗanda kike fata ba. Ga yawancin iyaye mata lokaci biyu ne: bayan yara sun tafi makaranta zuwa kafin ɗora tukunyar rana, da kuma bayan sun kwanta. Na safe ya fi kyau ga darasi mai wuya, na dare a bar shi ga aikin gida da maimaici. Ki ware wuri ɗaya, ko da kusurwar ɗaki ce da ƙaramin tebur, yara su san cewa in Mama ta zauna nan ba a kiranta sai da dalili.

Yadda ake kallon darasin ma yana da hanya. Ki fara karanta babin, ko da sama-sama, don kunnenki ya san kalmomin. Ki buɗe bidiyon da biro a hannu. Duk minti 10 zuwa 15 ki tsayar, ki rufe littafi, ki rubuta abin da aka faɗa da bakinki, da Hausa ma in ya fi miki sauƙi, ki ajiye kalmomin fannin da Larabci ko Turanci yadda za su zo a jarrabawa. Inda kika kasa rubutawa, nan ne ba ki gane ba. Ki mayar da bidiyon baya zuwa wurin, ki rubuta mintin a gefen takarda. In za ki tambayi malami sai ki ce a darasi na 4, minti na 22, ban gane kaza ba. Irin wannan tambaya malami yakan amsa ta da wuri, ba kamar wadda aka ce masa ba a gane komai ba. A darasin lissafi ko na akanta kada ki bar malami ya warware misali kina kallo. Ki tsayar, ki gwada da kanki, sannan ki saki ki kwatanta. Ido yakan yaudari mutum ya ɗauka ya iya, sai ranar jarrabawa hannu ya ƙi motsi.

Abin da ya fi kayar da ɗaliban nesa shi ne tara bidiyo. Da yake an naɗe shi, sai mutum ya ce gobe, har a wayi gari darasi 12 na jiran sa mako ɗaya kafin jarrabawa. Ki sa wa kowane darasi rana da awa kamar ajin da ake kiran suna. Ki kuma duba kalandar zango tun farko: in Ramadan ya faɗo a ciki, ko lokacin da baƙin Umara da alhazai daga gida ke cika muku falo, ki yi gaba da darasi mako ɗaya ko biyu kafin lokacin. Ki nemi 'yar'uwa ɗaya ko biyu a ajin waɗanda za ku riƙa tambayar juna ina kika tsaya. Babban zauren WhatsApp na aji yana da amfani don sanarwa, amma surutunsa ya fi karatunsa yawa.

Tambaya: Direba ne ni a wani gida. Ina bin darussa a waya lokacin da nake jiran yara a ƙofar makaranta. Data tana ƙare mini kafin rabin wata, wayar kuma tana zafi har ta mutu. — Wani ɗan'uwa, Riyad

Amsa: Malam, matsalar datar lissafi ce kawai. Bidiyon da ke gudu a megabit 1 cikin daƙiƙa yana cin megabait 450 a awa. A aikace, awa ɗaya a 360p takan ci kusan megabait 300, a 720p kuwa ta haura gigabait 1. In kana kallon awa 9 a mako, wata ɗaya a 720p zai kai ka kusan gigabait 40, a 360p kusan 11. Manhajar da kanta take zaɓa maka mafi tsada in ta ga sabis yana da ƙarfi, don haka ka shiga saiti ka ɗaure ta a 360p. In rubutun allo ya yi ƙanana, ka sauke takardun darasin daban a PDF, ka buɗe su a gefe. Ba sa cin komai. Darasin lissafi ne kawai za ka ɗaga zuwa 480p. Inda malami magana kawai yake yi, sauti ya isa, kuma sauti mai kilobit 64 bai kai megabait 30 a awa ba.

Inda manhaja ta yarda a sauke darasi, ka sauke da dare a Wi-Fi. A aji na kai tsaye ka kashe kyamararka in malami bai wajabta ba. Sannan ka toshe masu shan data a ɓoye: saukar da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, sabunta manhajoji, da tura hotuna ma'ajiyar intanet. Duk ka mayar da su sai a Wi-Fi.

Zafi kuwa, masu ƙera waya sun tsara ta ta yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, Riyad kuma da rani tana haura 40, balle cikin motar da aka kashe. Kada ka ɗora ta kan gaban mota a rana, ka cire mata riga, ka rage hasken allo, kuma kada ka haɗa caji da kallo lokaci ɗaya, domin nan ne batir ke kumbura. In ta yi zafi ka kashe ta ta huce a inuwa. Kada a sa ta a firij, raɓa za ta taru a ciki. Muna kuma roƙonka, da zarar mota ta motsa a ajiye waya. Kyamarorin hanya suna kama mai riƙe da ita, tarar riyal 500 zuwa 900 ce, ga kuma amanar yaran mutane a bayanka.

Tambaya: 'Ya'yana, an ce mini akwai tashoshin karatu na gwamnati a talabijin. Ina so jikokina su riƙa kallo, ni ma in ƙaru. Mun nema a risibarmu ba mu gani ba, sauran tashoshin ma hotonsu yana yankewa. — Wani dattijo, Madina

Amsa: Baba, Allah ya ƙara muku lafiya. Tashoshin da kuke nufi su ne na Ain, na Ma'aikatar Ilimi, waɗanda aka faɗaɗa lokacin da aka rufe makarantu saboda korona a watan Maris na 2020. Suna koyar da manhajar firamare zuwa sakandare.

Dalilin da ya sa ba ku gan su ba, wataƙila dish ɗinku yana kallon Nilesat ne, a digiri 7 yamma, kamar yawancin gidaje, su kuwa a Arabsat aka sa su, digiri 26 gabas. Ko a juya dish ɗin, ko a ƙara na biyu a haɗa su da ɗan makunnin da masu gyara ke kira daisak, a saita kowanne a lambarsa cikin risiba. Lambobin tashar a ɗauko su daga shafin ma'aikatar, domin ana canja su lokaci-lokaci.

Game da yankewar hoto, a buɗe shafin sigina a risiba. Za a ga layi biyu, ƙarfi da inganci. In ƙarfi ya faɗi ƙasa warwas, to waya ta yanke, ko kan dish ɗin, wato LNB, ya mutu, ko an kashe wutarsa a saiti. In ƙarfi yana sama inganci yana ƙasa, iska ce ta goce dish ɗin, ko rana ta fasa murfin robar LNB ƙura ta shiga. In rabin tashoshi suna zuwa rabi ba sa zuwa, a duba mahaɗar waya: risiba tana tura bolt 13 ga wasu tashoshi, 18 ga wasu, kuma mahaɗa mai tsatsa takan hana 18 ɗin isa. A kashe risiba daga soket kafin a taɓa wayar, a yanke bakin a sake ɗaurawa, a tabbata siraran zaren gefe ba su taɓa jan ƙarfen tsakiya ba. Wajen juya dish, a motsa shi kaɗan-kaɗan, a jira daƙiƙa 5 bayan kowane motsi kafin a duba allo. Don Allah, Baba, kada ku hau rufi da kanku. A sa babban jika ko mai gyara, da sassafe kafin ƙarfe ya yi zafi.

In risibar tana da ramin USB za a iya naɗar darasi a filas. A lura, filas mai tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya wuce gigabait 4, shi ya sa doguwar naɗa take tsayawa a tsakiya. Darussan suna kuma a YouTube ga mai intanet. Abu ɗaya dai, kallon tashar ba ya ba da shaida. Shaida tana fitowa ne daga makarantar da aka yi rajista, kuma ga manya akwai makarantun yaƙi da jahilci da na dare a ƙarƙashin ma'aikatar. Ga wanda zai shiga difloma bayan ya daɗe da barin aji, darussan lissafi da Turanci na sakandare a waɗannan tashoshi hanya ce mai kyau ta wanke ƙwaƙwalwa kyauta.

Tambaya: An turo mini talla a WhatsApp cewa wata kwaleji a Amurka tana ba da difloma cikin wata 3, bidiyo kawai za a kalla, ba jarrabawa. Ina so in koma da ita Kano in nemi aiki. In biya? — Wani tela, Jidda

Amsa: Malam, kada ka biya. Araha ba ta ado. Diflomar da ake yi a shekara 2 ba ta yiwuwa a wata 3, kuma makarantar da ba ta jarraba ka ba, ba ta da abin da za ta shaida a kanka.

Ga yadda ake tantance kowace makaranta. In ta Amurka ce, ka nemi sunanta a rumbun bayanan CHEA, majalisar da ke sa ido kan tantance manyan makarantu a can, ko na Ma'aikatar Ilimi ta Amurka, duka a buɗe suke kyauta. Kada ka tsaya ga tambarin amincewa da suka liƙa a shafinsu, domin masu wannan sana'a sukan ƙirƙiro hukumar tantancewa tasu ta kansu, su tantance kansu. Ka lura da suna sosai. Sukan ɗauki sunan sananniyar makaranta su sauya kalma ɗaya. In a nan Saudiyya take, ka nemi lasisin Cibiyar Ilimin Lantarki ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2017 don kula da karatun intanet, ko amincewar hukumar horar da sana'o'i in cibiyar horo ce, ka duba lambar a shafin hukumar da kanka. Sauran alamomin a fili suke: kuɗi a asusun mutum, farashi na shaida gaba ɗaya maimakon na kowace awa, rangwamen da zai ƙare yau da dare, da alkawarin rubuta maka tsohuwar shekara a takarda.

Ka kuma bambanta shaidar halarta da difloma. Dandamali irin su Rwaq, da ya fara a Saudiyya a 2013, da Edraak na Jodan da ya fara a 2014, wuraren koyo ne na gaskiya, muna ƙarfafa gwiwar kowa ya shiga. Amma takardarsu tana nuna ka kammala gajeren kwas ne, ba ta tsaya matsayin difloma ba, su ma ba su ce ta tsaya ba.

Tunda Najeriya za ka kai ta, ka sani shaidar waje sai ta bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja an tantance ta. An ƙara tsanantawa tun watan Janairun 2024, lokacin da gwamnati ta dakatar da tantance digirorin Jamhuriyar Benin da Togo bayan wani binciken ɗan jarida ya fallasa cinikin shaida. Hukumar NYSC ma tana bambanta karatun cikakken lokaci da wanda ba shi ba, kuma takan nemi fasfon wanda ya yi karatu a waje don ta ga shiga da fitarsa. Mai son karatun nesa da aka san shi a gida yana iya duba NOUN, Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, sai dai jarrabawarta a cibiyoyinta ake yi, don haka sai ka sa kuɗin jirgi da hutun aiki a lissafi. A nan kuwa gabatar da shaidar bogi laifin jabu ne, mai kai mutum gidan yari, baƙo kuma a haɗa masa da kora.

Tambaya: 'Yata tana son aikin jinya. Za ta iya yin sa daga gida ta bidiyo? — Wata uwa, Ɗa'if

Amsa: A'a, Hajiya. Sa allura, ɗaura ruwa da juya majinyaci sai a ɗakin gwaji da asibiti, ƙarƙashin mai koyarwa. Hukumar Ƙwararrun Lafiya ta Saudiyya ba ta ba da izinin aiki sai an tantance shaida daga tushenta, an ga horon asibiti, an ci jarrabawarta. Abin da ake iya yi daga nesa shi ne ɓangaren ofis, kamar gudanar da asibiti ko inshorar lafiya. In ba 'yar ƙasa ba ce, ku fara bincika ko aikin yana cikin waɗanda aka keɓe wa 'yan ƙasa kafin ku kashe kuɗi.

Tambaya: Ina difloma daga nesa. A wani kwas an hana ni jarrabawar ƙarshe wai ban halarta ba, alhali ina shiga aji. A wani kuma intanet ta yanke ina tsakiyar jarrabawa aka ba ni sifili. Yaya zan kauce wa haka? — Wata ɗaliba, Dammam

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da haƙuri. Na farko shi ne hirmani. A ƙa'idar da jami'o'in Saudiyya suka saba bi, wanda halartarsa ta gaza kashi 75 cikin 100 ba ya zama jarrabawar ƙarshe, kuma ana lissafa masa kwas ɗin a matsayin faɗuwa. A ajin intanet na'ura ce ke ɗaukar suna. In kin shiga ta mahaɗin da ƙawa ta turo miki, ko a matsayin baƙuwa, ko da sunan da ke kan wayar ƙaninki, kina ciki amma rajista ba ta gan ki ba. Kullum ki shiga ta asusunki na makaranta, daga cikin shafin kwas ɗin. Ki riƙa duba adadin fashinki kowane mako, in kin ga kuskure ki rubuta wa malami a makon, ba a ƙarshen zango ba. Uzurin rashin lafiya kuma sai wanda asibiti ya shigar a tsarin gwamnati, irin wanda ke fitowa a manhajar Sehhaty.

Game da jarrabawa, shirin yana farawa kwana 2 ko 3 kafin ranar. Ki yi ta a kwamfuta, ba a waya ba. In ana amfani da manhajar kulle allo irin Respondus, ki sauke ta ta mahaɗin makarantarku, ki yi jarrabawar gwaji don ki ga kyamara da makirfo suna aiki. Ki dakatar da sabuntawar Windows, domin takan sake kunna kwamfuta ba sallama. Ranar jarrabawa ki jona caji, ki zauna kusa da na'urar Wi-Fi, ki roƙi mutanen gida su dakata da kallon bidiyo na awa 2. Ki tanadi layi na biyu daga wani kamfani daban, ki haɗa shi da kwamfutar tun kafin lokaci don ta san shi. Haske ya kasance a gabanki, ba a bayanki ba, katin shaida a hannu, ƙofa a rufe, domin wucewar mutum a bayanki na iya sa a tuhume ki da maguɗi.

In ta yanke, ki sani agogon yana ci gaba da tafiya a na'urar makaranta, bai tsaya don ke ba. Ki koma layi na biyu nan take, ki sake shiga. Amsoshin da aka riga aka adana yawanci suna nan, shi ya sa yake da kyau ki tabbata kowace amsa ta nuna an adana ta kafin ki wuce ta gaba. In shiga ta gagara, ki ɗauki hoton allon da waya yadda saƙon matsalar da agogo za su fito tare. Ki buɗe ƙorafi a sashen taimakon fasaha a lokacin, ki ajiye lambarsa, sannan ki aika wa malami saƙo daga imel ɗin makaranta da sunanki, lambar ɗaliba, lambar kwas, lokacin da abin ya faru, da hoton. Neman jarrabawar maye gurbi yana da wa'adi na 'yan kwanaki, an rubuta shi a littafin ƙa'idojin ɗalibai, kuma kwamiti ba ya duba takardar da ta zo a makare.

Don zango mai zuwa, ki rubuta ranar ƙarshe ta janyewa daga kwas a bangon ɗakinki. Makin ci 60 ne cikin 100, kuma matsakaicin maki in ya sauka ƙasa da 2 cikin 5 ana ba da gargaɗi. In kin ga kwas ya kuɓuce miki kafin wannan rana, ki janye a hukumance ta shafin rajista; za a rubuta miki janyewa, ba faɗuwa ba, matsakaicin makinki kuma bai taɓu ba. Ki tambayi sashen kuɗi nawa ake mayarwa a makon da kike ciki kafin ki danna.